Ludayi a Hannun Hagu

Shekara talatin da wani abu ina sassaƙa hatimi a Tawa, ƙarƙashin rumfar kwano ɗaya, a bakin hanyar da ke gangarawa babbar kasuwa. Duk wanda aka naɗa shugaban wani abu, ko da ƙungiyar masu albasa ce mai mutum bakwai, kafin ya sayi kujera sai ya biyo ta wurina. Na ga manya da rawani suna rawar jiki a kan guntuwar roba. In na miƙa wa mutum nasa, ya buga a bayan kwalin sukari, ya ga sunansa ya fito da shuɗiyar tawada, har zamansa sai ya canza. Ina yi musu dariya a ciki, amma ni ma ban tsira ba, don ina ji da hannuna ƙwarai. Harafi a juye nake yanka shi, ba madubi ba komai, ya fito daidai a takarda, kuma ban taɓa son a gyara mini aiki ba. Matata takan ce da ana sayen zuciya a kasuwar Lahadi, da tuni mun gina bene.

Inna, Allah ya jiƙanta, ta dawo hannuna shekara biyu bayan rasuwar Baba. Ƙauyenmu yana arewa da Takanamat, inda gonaki ke ƙarewa makiyaya ta fara. Ƙanena ɗaya yana Abijan, ɗaya yana Libiya, ƙanwarmu tana aure a Barmu, gida ya rage daga ita sai awaki uku. Da ƙyar na ɗauko ta. Ta zo da tabarma, da tazbaha, da ƙarafan zanen ƙwarya guda huɗu ɗaure a tsumma. A can duk amaryar da za a kai ɗaki, Inna ce ke ƙona mata ado a ƙore, ta sa ƙarfe a garwashi ya yi ja, ta bi bayan ƙwarya da shi tana juya ta a cinya. A Tawa kuwa roba da kwanon silba sun cinye kasuwa. Ƙarafan nan suka yi wata da watanni ba su ga wuta ba.

Birni bai karɓe ta ba, ita ma ba ta nemi ya karɓe ta ba. Ruwan pampo ta ce ba shi da ɗanɗano tunda ba wanda ya ja shi. Awakin unguwa ta ce ba su da tarbiyya, suna cin leda. Da hantsi takan ja tabarmarta gindin katangar arewa ta zauna, in na zo wucewa ta ce, "Kai wanga, an yi ruwa gida?" Ko a tsakiyar rani sai ta tambaya. Ina jin tausayinta, amma ban san abin da zan yi da tausayin ba, sai ya riƙa fita a faɗa: Inna ki ci abinci, Inna ki shiga inuwa, Inna me aka rage ki da shi a nan.

Wata rana wani direba da ke tuƙa wasu mutanen Kanada masu aikin rijiyoyi ya zo karɓar hatimi. Ya ga ina gwada aikina a kan guntayen kwali, sai ya ɗauko mini tsohuwar kalanda daga mota ya ce in riƙa bugawa a bayanta. Na cinye shafukan wata biyar da tambari kafin in juya in ga abin da ke gaba. Zane ne baƙi da ja. Wata mace a durƙushe tana kankare fata, bayanta tanti, gefenta karnuka, sama kuma tsuntsaye da suka fi mutane girma. A ƙasa akwai bayani da Faransanci, na bi shi a hankali da ɗan karatun boko da na yi a lakwal. Wai wata tsohuwa ce ta yi shi, daga mutanen ƙasar ƙanƙara da ake kira Inuit. A tantin fata aka haife ta, ta yi rabin rayuwarta tana ƙaura daga zango zuwa zango. Da mijinta ya mutu, zaman daji ya gagara, ta koma gari, aka ba ta takarda da fensir, ta shiga zana duk abin da ta baro. Mazan garin su ke ɗaukar zanen su sassaƙa shi a kan shimfiɗaɗɗen dutse, su shafa tawada, su ɗora takarda su murza, zane ɗaya ya zama da yawa.

Na kai wa Inna da azahar, na karanta mata. Ta daɗe tana kallo, ta matso da takardar kusa da fuska.

"Ita ma ɗiyanta sunka kai ta birni?"

Na ce ba a faɗa ba.

"Su na," in ji ta. "Wa zai kai tsohuwa birni in ba ɗiyanta ba." Ta sa yatsa a kan ɗaya daga cikin karnukan. "Wagga mata ta san karnukanta. Diba wanga, shi na mai gardama cikinsu." Can kuma ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kana da takarda?"

Haka aka fara. Na kawo mata takardu da fensir daga rumfa, na yi zaton kwana biyu za ta gaji. Ashe na tono rijiya. Inna ba ta san takarda tana da sama da ƙasa ba. Yadda take yi wa ƙwarya haka ta yi mata: ta fara daga tsakiya, tana juya ta a cinya, abin yana faɗaɗa har ya kai baki. Rijiyarmu a tsakiya, shanu kewaye da ita, waɗansu ƙafafunsu sama in ka riƙe takardar ta hanya ɗaya. Ta zana rumbuna a kan duwatsunsu, ta zana matan da ke tsinkar anza a shekarar yunwa, da raƙuman Buzaye masu sauka bayan gari su sayi gero, da shamuwa a kan gawon ƙofar gidanmu. Ba ta yi wa kowa fuska ba. Ta ce fuska aikin Allah ce, ita ba ta shiga. Amma ko ba fuska ina gane kowa, daga tsayuwarsa da yadda ya ɗauki kaya. Na ga gwaggona da ta mutu ina ɗan shekara goma, na gane ta daga karkatar wuya. Abinci ya soma shiga, ta daina tambayata ruwa.

A shekara ta biyu ta fara kai takarda har kan hanci. Na kai ta gidan likita. Lokotoron ido ya ja ni gefe ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce ke mutuwa a hankali. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma magani zai jinkirta shi ne kawai. Ban gaya mata ba, amma ta sani. Bayan mun dawo ta yi kwana tara a kan takarda ɗaya, ba ta bari kowa ya leƙa.

Ranar da ta miƙo mini, na zauna a ƙasa ban sani ba. Wannan kam yana da sama da ƙasa. Baba ne, a zaune gindin aduwar bakin rijiya, an gan shi ta gefe, malfarsa a ajiye, ƙwaryar fura tsakanin ƙafafunsa, ludayi a hannun dama ya kusa kai baki. Bayansa saniyarmu mai karyayyen ƙaho. Baba bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba in ban da na katin shaida, shi ma gara ta cinye shi tun da daɗewa. Ƙananan 'ya'yana ba su san kamanninsa ba. Ga shi nan a takarda, har doron da shekarun jan guga suka yi masa.

"Ku huɗu na," in ji Inna. "Ni ba ni iya sake wani, ido ya ƙi. Ka yi min awa na matar ƙanƙara, kowa shi samu ubanai."

Matata tana tsaye da tsintsiya, ta ce, "Ka fara kai shi a yi fotokopi tukuna, ko don tsaro."

Na ce mata injin da ke mai da takardar haihuwa kamar an shafa mata toka, shi zan ba zanen Inna? Ni da nake da hannu? Gaskiyar magana, ba zanen nake karewa ba. Tun ranar da na karanta kalandar nan nake kwaɗayin in zama irin mutanen can masu sassaƙa dutse. Na gaji da yanka sunayen shugabanni. Ina so a ce uwa ta zana, ɗa ya sassaƙa.

Na je wurin wani dattijo mai sassaƙa alluna, na sayi busasshen katakon aduwa mai faɗi tun bai ba shi siffar allo ba. Na jiƙa ƙaro na manna zanen Inna a kai, fuskarsa tana kallona, don in bi layinta ɗaya bayan ɗaya ba tare da na ƙara nawa ba. Duk inda wuƙa ta bi, takardar tana tafiya tare da ɓawon icen. Aduwa tana da tauri, sati uku na yi, tafin hannuna ya yi kanta a kan kanta. Ni da ba na yanka ko harafi ɗaya sai na juya shi, ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba cewa mutum ma yana da dama da hagu. A kaina rubutu ne ake juyawa. Hoto kuwa hoto ne, saniya ta kalli gabas ko ta kalli yamma, saniya ce.

Na samo baƙar tawada mai kauri a wurin masu buga takardu, na shafa, na ɗora takarda, na murza da bayan cokali. Da na ɗaga, wallahi abin ya yi kyau. Na buga huɗu, na shanya su a rumfa, masu wucewa suna tsayawa kallo, kaina ya yi girma. Da la'asar na kai gida na shimfiɗa mata ɗaya a cinya, na tsaya jiran yabo.

Ta ɗaga ta kawo gefen idon da ke gani. Ta bi ta daga sama zuwa ƙasa, ta sake bi.

"Wa na wanga?"

"Baba ne mana, Inna."

"Ubanku bai taɓa kai hauni bakinai ba. Ko ranar da kunama tac cije shi ga dama, haƙuri yay yi da hura har hannun yas sace."

Na karɓa na duba. Ludayin yana hannun hagu. Rijiya ta koma yamma da aduwa, karyayyen ƙahon saniya ya sauya gefe. Nan take na gane abin da na yi, kuma da ina da hankali da sai in ce na yi kuskure, a ba ni sati uku. Amma kunya ta zo mini da rigar fushi. Na ce wannan ai ba komai ba ne, haka bugu yake, ba wanda zai lura.

"Ni na lura," in ji ta. "In aika ma ɗiyana ubansu shina ci da hannun tsarki? Ba ni takardata."

Na ce babu takarda, ta bi wuƙa.

Ta ture takardar daga cinyarta. Turewar nan ta fi zagi ciwo, sai na buɗe baki na faɗi maganar da har yau in na tuna ta nake jin kamar in tsine wa harshena. Na ce, "Sati uku ina fama, idon da bai gani sosai shi zai gyara mini aiki?"

Matata ta ce, "Subhanallahi." Inna ta ninke hannuwanta a cinya, ta juya fuska wajen katanga. Na kwashi takarduna da katakona na mayar rumfa, na jefa su bayan akwatin kayan aiki.

An gama girbi ke nan lokacin. Na ba ta haƙuri bayan kwana biyu, irin haƙurin da ake bayarwa a tsaye, ta ce ba komai. Muka ci gaba da gaisawa lafiya lau. Ba ta sake tambayar takarda ba, ni ma ban sake kawowa ba. Kullum in na buɗe akwati sai in ga gefen katakon, in ce gobe. Ba aiki ne ya hana ni ba. Sake shi yana nufin in yarda a gaban matata da uwata cewa mai hatimin Tawa ya manta abin da ɗan koyo ke sani a satin farko. Sanyi ya zo ya wuce, zafi ya shigo. Ina ganin hannunta yana lalube kafin ya sami buta, ina kawar da kai. Sau ɗaya da la'asar sakaliya, rana tana nan fayau, ta tambaye ni ko an kira magariba.

Ranar da shamuwa ta fara sauka a unguwarmu, matata ta biyo ni har zaure. Ta ce, "Jiya Inna ta yi karo da ƙyauren ɗakinta. Haske da duhu kaɗai suka rage mata. In kana da abin da za ka nuna mata, ka nuna."

Ban buɗe rumfa ba ranar. Na ruga wurin mai alluna, ya ce busasshen ice mai wannan faɗin ya ƙare, wanda ke akwai ɗanye ne, zai tsage in an yanka. Sai na tuna a kalandar an ce mutanen can in sun gama bugu sukan goge dutsen ya koma sumul, su yanka wani a kai. Na ga kamar dabara ta zo mini daga sama. Na ɗauki katakon na kai wa kafinta, ina tsaye ya kankare shi tas, Baba da saniya da aduwa suka zube ƙasa suka zama dussa. Na manna ɗaya daga cikin takardun nan masu ludayi a hagu, na soma yanka. Wannan karon katako zai ɗauki hagu, takarda ta fito da dama. Na mayar da masu neman hatimi, wani sakataren ƙungiya har ya yi mini barazanar zai koma wurin masu yin hatimi da inji, na ce Allah ya raka taki gona. Kwana goma sha shida na gama.

Ya fito daidai. Ludayi a dama, rijiya a gabas, ƙaho a inda Allah ya karya shi. Ban jira tawadar ta bushe sosai ba, na ɗauki takarda ɗaya da katakon na nufi gida da hantsi. Inna tana gindin katangarta. Na durƙusa na ce, "Inna, na sake. Ki gafarce ni, ke ce da gaskiya."

Ta karɓi takardar ta ɗaga ta wajen rana, ta kawo ta dama, ta kai ta nesa, ta dawo da ita har tana taɓa girarta. Sai ta sauke ta a cinya ta shafa da tafin hannu, daga wannan baki zuwa wancan.

"Babu kowa nan," in ji ta. "Sumul take."

Na ce yana nan, wallahi yana nan, da dama yake sha.

"Na yarda. Ba ni iccen in ji."

Na ɗora mata katakon. Yatsun nan da suka yi shekara hamsin suna bin bayan ƙwarya suka shiga aiki. Ta sami malfa, ta sami doron bayan, ta tsaya a nan kaɗan, bakinta ya motsa. Ta gangara kafaɗa, ta bi damtse har ludayi. Sai yatsun suka tsaya.

"Har yau hauni na."

Na shiga bayani, wai dole ice ya zama a juye kafin takarda ta fito daidai. Ta bar ni na gama.

"To wancan na hwarko, da takardatai tab ɓaci, shi iccen daidai shike ke nan?"

Na ce daidai yake.

"Kawo min shi."

Na ce, "Shi ne wannan, Inna. Na sa an kankare."

Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta wannan safiya ba. Abu ɗaya da ya rage a duniya mai ɗauke da layin hannunta, wanda yatsunta za su iya karantawa, ni na tsaya a kan kafinta har ya mai da shi gari. Na ce zan yi na uku, wanda ba za a shafa wa tawada ba, nata ita kaɗai, ko a ina ice yake zan nemo. Na kuwa nemo daga baya, na soma, yana nan a rumfa an yanka malfa da rabin aduwa, don Inna ba ta ga ƙarshen wannan damina ba.

Amma a ranar cewa ta yi, "Bar shi." Ta jingine katakon a katanga. "Dama ludden ma ban zana shi daidai ba, ido ya riga ya tahi. Ba hakanan shika riƙo ba. Kawo hannunka."

Ni ɗan fari ne. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa dafa ni ba, ko ranar da na karye a ƙafa daga bakin ƙofa ta tsaya tana tambayar wasu. Na miƙa mata hannun dama ina kallon ƙasa. Ta kama shi da hannu biyu. Ta lanƙwasa mini yatsu uku, ta ɗora babban yatsa a kansu, ta ja ƙaramin waje ya tsaya shi kaɗai, ta ɗan karya mini wuyan hannu ciki.

"Haka," in ji ta. "Ƙaramin ba shi taɓa ludde. Shekara arba'in ina mai dariya."

Ta gama gyarawa, amma ba ta saki ba. Babban yatsanta yana bin kantar da ke tafina a hankali, yana komawa. Matata ta fito daga madafa da kwano, ta hango mu, ta juya ta koma. Hannuna ya soma sanyi, kafaɗata ta gaji. Ban motsa ko yatsa ɗaya ba, don kar ta tuna hannun wa ta riƙe.